Dattijon Kasuwar Kwari

Wallahi abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ɗin nan ya faru, kuma ba cikin barci ba, da rana tsaka ne, idona biyu, ga mutane ta ko'ina. Yau shekara goma sha biyu ke nan ko sha uku, lokacin ina aikin tsire a Jidda, a wani lungu na Sharafiyya bayan layin masu gyaran waya. Wanda ya san wurin zai tuna yadda hayaƙinmu ke tashi tun daga la'asar, Larabawa su jera motoci suna ta kiran “siriya, siriya”, don haka suke ce wa tsire, bakinsu bai iya faɗin sunan daidai ba, amma wajen ci sai ka ce da shi aka yaye su.

Tukubar ba tawa ba ce, ta wani dattijo ce da muke kira Ammu Bakur, wato Baffa Bakur da Larabci. Haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa zuwa aikin hajji bai koma ba, shi ya sa Hausar Ammu rabi da rabi ce, ya fara magana da Hausa ya ƙarasa da Larabci, in ransa ya ɓaci kuwa Larabcin ne zalla. Mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Shi ya koya min irin yankan da Larabawa ke so, siriri kamar takarda, da yadda ake rage barkono a ƙara ƙuli a yajinsu, kuma a ɗakin saman gidansa a unguwar Madain Fahd nake kwana. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

To a lokacin ina cikin wata damuwa. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare wata biyar, kafilina kuma, Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, kullum na kira shi sai ya ce gobe, goben da ba ta zuwa. Na zama in na hango motar 'yan sanda ko daga nesa ne sai in canza hanya, daga ɗaki sai tukuba, daga tukuba sai ɗaki, ga mata da 'ya'ya uku can gida suna jiran abin da zan aika. Ana cikin haka wata Talata Ammu ya ce min, “Ya waladi, ɗana, ka shirya, Alhamis za mu ƙauye.”

Ashe akwai wani bikin kasuwa da ake yi sau ɗaya a shekara a wani ƙauye da ke bayan Jidda ta wajen duwatsu, in sanyi ya shigo an gama girbin gero, kwana uku ake yi. Shi Ammu ya fi shekara ashirin yana kai musu tsire, har sun saba, in bai je ba sai su aiko a ji ko lafiya. A shekarar ciwon gwiwa ya matsa masa, ba ya iya doguwar tsayuwa a gaban wuta. Na ce, “Ammu, iƙamata fa?” Ya ce, “Halas, shi ke nan, kana tare da ni. Mutanen can fuskar mutum suke dubawa, ba takarda ba.” Ba don raina ya so ba na amsa, don dai mutumin ya wuce in ce masa a'a.

Muna idar da sallar asuba muka loda tsohuwar a-kori-kurarsa, nama cikin ƙanƙara, buhun gawayi biyu, tsinke, yaji a manyan gwangwanaye, da jarkokin ruwa. Tafiyar wajen awa biyu ce. Muka bar kwalta muka hau burji, muka bar burji muka gangara cikin wani kwari mai faɗi, kun san irin busasshen rafin nan na ƙasar Larabawa, farin yashi shimfiɗe kamar an share, duwatsu hagu da dama, ga itatuwan ƙaya da na magarya sun yi inuwa jefi-jefi. Ƙauyen kansa yana bisa tudu, amma kasuwar a tsakiyar kwarin ake kafa ta, don nan ne fili, nan ne inuwa, kuma an ce an yi shekaru masu yawa ruwa bai bi ta nan ba.

Kai jama'a! Ni da na ɗauka Larabawa ba su san komai ba sai mota da na'urar sanyaya ɗaki, ranar na ga ƙauyawansu, wallahi sai na ji kamar an ɗauke ni an ajiye a kasuwar garinmu ranar da take ci. Ga masu zuma sun jera kwalabe, zumar magarya baƙa wuluk mai kauri, kowa sai ya tsoma tsinke ya miƙa maka ka lasa ko ba saye za ka yi ba. Ga tsofaffin mata lulluɓe da baƙaƙen kaya suna sayar da man shanu a salka, da lalle, da tabarmi da faifan kaba, hannunsu na saƙa bakinsu na ciniki. Ga gero tsibi-tsibi, irin namu sak, har na ɗiba na shinshina, ƙwalla ta zo min. Ga kankana an tara kamar duwatsu. Can gefe guda an kewaye fili ana gasar awaki, mutum ya wanke akuyarsa ya taje mata gashi ya shafa mata lalle a goshi, alƙalai tsofaffi uku suna zagaya ta suna buɗe mata baki suna jan kunne, in aka ce ta wane ce ta ci sai ka ji guɗa da harbin bindiga sama kamar an ɗaura aure. Raƙuma kuma suna can ƙarshen kwarin, ana nuna su ana yabon wuyansu. A tsakiya akwai wata babbar rumfa ta gashin akuya inda dattawa ke zaune ana zagaya musu da gahawa a 'yan ƙananan kofuna, wasu biyu suna ta jifan juna da baituka, wannan ya yi wancan ya mayar masa, jama'a na tafi. Ban gane rabin abin da suke faɗa ba, amma na gane inda ake dariya.

Suna da wata al'ada da ta burge ni. Kafin kowa ya sayar da komai, sai ya ɗebi na farkon kayansa ya kai wani ƙaton tire da aka ajiye a gindin wata magarya, mai zuma ya kai zuma, mai dabino ya kai dabino, mai burodi ya kai burodi. Wai rabon matafiyi ne, duk wanda ya zo kasuwar ba shi da ko sisi ya je ya ci, kuma ba a kallon wajen, don kar mai ci ya ji kunya. Tsinke goma na farko da na sauke daga wuta Ammu ya sa na kai can.

Ranar farko muka yi ciniki har nama ya kusa ƙarewa, sai da Ammu ya sayi ɗan maraƙi a wurin aka yanka mana. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa, wata motar 'yan sanda da ke tsaye a bakin gangaren da mutum biyu a ciki. Ba su ce wa kowa komai ba, gahawa kawai suke sha, amma ni duk juyin da zan yi sai na saci kallonsu.

Rana ta biyu Juma'a ce. Aka sauko daga masallacin ƙauyen, kasuwa ta cika ta batse, don ranar ce babba, ranar ake tseren raƙuma da yamma. Sama tas take, shuɗiya, ko ɗigon gajimare babu a kanmu, sai dai can nesa ƙwarai bisa duwatsun gabas akwai wani ɗan duhu da ba wanda ya kula da shi. Ni ina gaban wuta ina juya tsire, Ammu yana zaune a kujerarsa ta roba a gefena, bai fi taku biyu ba, yana jan carbi. Layin masu saye ya ɗan tsagaita don mutane sun tafi kallon awaki.

Sai na ji an ce, “Sannu da wuta, ɗan samari.”

Da Hausa fa. Ba irin Hausar Jidda mai gauraye ba, Hausa tsantsa, irin ta tsofaffin ƙauye, wadda rabona da jin irinta tun kakata na da rai. Na ɗaga kai. Wani dattijo ne dogo siriri, baƙi, da farin gemu ɗan kaɗan, sanye da wata shuɗiyar riga da ta koɗe, da sanda a hannu. Fuskarsa ba abin tsoro ko kaɗan, irin fuskar da za ka ce ka taɓa gani a wani wuri ka rasa ina ne. Na yi murna na ce, “Baba sannu da zuwa, ashe da namu a nan? Daga ina?” Ya ce, “Daga sama-sama nan,” ya nuna wajen duwatsu da sandarsa. Na zaro tsinke biyu masu zafi na miƙa masa, ya girgiza kai ya ce ruwa dai yake so in da hali. Na cika kofin silba daga jarka na ba shi, ya tsuguna ya sha a hankali har ya shanye, ya yi hamdala ya miƙo min kofin.

Wajen karɓar kofin ne idona ya sauka kan ƙafafunsa. Ba takalmi, kuma a jiƙe suke sharkaf har ƙauri, jan laka ya manne musu yana ɗiga. Na dubi yashin kwarin, fari fat, busasshe, zafinsa ma ba ya takuwa da tsakar rana. A raina na ce ina wannan bawan Allah ya samo taɓo a wurin nan?

Sai ya ce min, muryarsa a kwance kamar mai ba da labarin farashin gero, “Ka kashe wutar nan. Ka je ka gaya wa mai garin a kwashe mutane a hau tudu, ruwa na tafe. Kafin la'asar yana nan.”

Na yi 'yar dariya na ce, “Baba, ruwa kuma? Dubi sama fa.”

Ya ce, “Ba daga nan zai sauko ba, ya riga ya sauka. Na baro shi a baya, ya fi ni nauyi ne shi ya sa na riga shi isowa. Tashi, ɗan samari, akwai mata da yara.”

Wani mai saye ya taɓa ni ta ɗaya gefen yana tambayar tsinke nawa ne, na juya na ce masa ya ɗan jira, na waiwayo, dattijo ba ya nan. Na leƙa hagu na leƙa dama, na zagaya bayan mota, babu shi. Mutum mai tsawo irin nasa da shuɗiyar riga a cikin fararen riguna, ai ko daga nesa sai ka hango shi. Babu.

To a nan ne fa hankalina ya rabu biyu, kuma ba zan ɓoye muku ba, na so in yi shiru. Ku duba halin da nake ciki: baƙo, baƙar fata, mai tsire, ba takarda. In je in tsaya gaban dattawan gari in ce a tashi kasuwar da suka shekara suna jira, a ranar tseren raƙuma, don wani tsoho da ban san sunansa ba ya ce ruwa na zuwa, alhali rana na ƙwalla? In ruwa bai zo ba fa? Abu na farko da 'yan sandan can za su ce shi ne “ina iƙama?”, daga nan sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai jirgi. Na ma ɗauki wani tsinken na ɗora a wuta, wai in ci gaba da aikina. Amma daidai lokacin wata mata ta wuce ta gabana da jariri a kafaɗa da wasu 'yan biyu riƙe da gefen abayarta. Na ce innalillahi, in abin nan gaskiya ne ina zan kai alhakin waɗannan?

Na juya wajen Ammu, sai na ga ya daina jan carbi, ya zuba min ido, fuskarsa ta canza. Ya ce, “Ish fik, me ya same ka? Me aka ce maka?” Na gaya masa. Na ɗauka zai ce zafin wuta ne ya taɓa min kai. Wallahi mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, sai ga shi tsaye da kansa, ya damƙi hannuna ya ce, “Yalla, mu je wajen Abu Salim.”

Abu Salim shi ne mai garin, wani tsoho gajere mai jan gemu na lalle, yana tsakiyar babbar rumfar nan. Ammu ya ratsa dattawa ko gahawar da aka miƙo masa bai karɓa ba, wanda a wajensu abin kunya ne babba, ya durƙusa ya yi masa magana a kunne. Wasu da suka ji suka fara dariya, wani ya ce mai siriya ya zama mai duba. Abu Salim bai yi dariya ba. Ya yafito ni ya ce in faɗa masa kamannin mutumin, na faɗa da guntun Larabcina Ammu na cike min. Sai ya tambaye ni abu ɗaya: “Ƙafafunsa fa?”

Ban gaya wa kowa zancen ƙafa ba, ko Ammu. Na ce, “A jiƙe suke, ya Shehi, da jan laka.”

Kofin da ke hannunsa ya ajiye a ƙasa. Ya miƙe ya daka wata tsawa da ban zaci za ta fito daga ƙaramin jiki irin nasa ba, ya ce a ba shi lasifikar masu gasar awaki. Abin da na iya tsinta a maganarsa shi ne “sail, sail”, wato ambaliya, da “mata da yara tukuna”, da “ku bar kaya”.

Abin da ya ba ni mamaki, mutanen nan ba su tsaya musu ba. 'Yan birni da suka zo kallo su ne ke ta ɗaga kai sama suna gunaguni, amma 'yan ƙauyen ko tambaya ba su yi ba. Samari suka yi layi a gangaren suna miƙa tsofaffi da yara hannu zuwa hannu, aka kwance awaki aka kora su sama, masu raƙuma suka yi gaba da su ta wata hanya, motoci suka bi burjin ɗaya bayan ɗaya, 'yan sandan nan biyu da nake tsoro su ne suka tsaya suna ba da hannu. Ni na watsa wa wutata ruwa, na goya wata tsohuwa mai sayar da man shanu da ba ta iya hawa, tana bayana tana ta faɗa wai na bar mata salkarta. Na dawo na kama Ammu muka hau. Motarmu kuwa ta nutse a yashi ta ƙi fita, muka bar ta.

Muka taru a kan tudu muka yi cirko-cirko. Minti goma, ba komai. Minti ashirin, ba komai. Rana na nan tana dukanmu, kwari na nan fari fat da rumfuna a tsaye ba kowa. Aka fara waiwayowa ana kallona. Wani mai zuma ya ce shi fa zai koma ya ɗauko kwalabensa, Abu Salim ya sa sanda ya tare shi. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya fara takowa wajena, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare, na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Bai iso ba muka ji ƙarar. Da farko kamar manyan motoci ne ke tahowa daga nesa, sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafarmu, sai wata iska mai sanyi da warin laka ta bugo mu. La ilaha illallahu! Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba kuma ba na fatan in sake gani. Ruwa ne ya ɓullo ta kwanar dutse kamar bango, ja wur, tsayinsa ya fi mutum, yana tafe da itatuwa da duwatsu yana juya su. Kafin ka ce me, babbar rumfar dattawa ta tafi, filin awaki ya tafi, tsibin kankana ya watse yana yawo a saman ruwa. Ina kallo ya ɗauki a-kori-kurar Ammu ya juya ta sau biyu kamar gwangwanin madara ya wuce da ita. Inda nake tsaye ina juya tsire ko alamarsa babu. Kuma har lokacin sama tas take a kanmu, ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Wurin ya ɗauki salati da kuka. Aka shiga ƙirga mutane, kowane gida na kiran nasa, wannan na kiran ɗanta wancan na kiran uwarsa. Aka gama, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Awaki kaɗan ne da suka kuɓuce suka koma, da motoci uku, da kaya, ruwa ya ci. Ɗan sandan nan da ya nufo ni ya ƙaraso, ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina. Tsohuwar da na goya ta zo tana ta shafa min fuska tana addu'a, ta manta da zancen salka.

Na ɗauka biki ya watse ke nan. Ina! Abu Salim ya ce wanda Allah ya tsamar bai kamata ya kwana da baƙin ciki ba. Aka yi la'asar a filin masallaci, aka yi sujadar godiya, sannan kowane gida ya fito da abin da yake da shi. Aka yanka awaki, har da wadda ta ci gasa, mai ita da kansa ya jawo ta. Aka dafa shinkafa da madara a manyan tukwane, aka baza tabarmi, ba mai saye ba mai sayarwa. Kafin magariba aka hura wuta a tsakiyar fili aka fito da ganguna, maza suka yi da'ira suna rawar sanda, biyu-biyu suke shiga suna juya sanduna a sama. Suka jawo ni ciki, ni da ban taɓa riƙe sandar rawa ba, na yi ta tuntuɓe suna ta dariya suna tafi. Aka samo min wayar gasa nama da gawayi na gasa musu abin da ya samu ba yaji, suka ce ba su taɓa cin mai daɗinsa ba.

Da aka natsa na matsa kusa da Abu Salim na ce, “Ya Shehi, don Allah wane ne mutumin nan?” Ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce yana yaro an taɓa yin haka sau ɗaya, zamanin mahaifinsa, kuma wanda aka yi wa magana a lokacin wani Bayamane ne mai sayar da gishiri, baƙo shi ma, ranar ya fara zuwa kasuwar. Ya ce min, “Da wane harshe ya yi maka magana?” Na ce da Hausa, harshen garinmu. Ya gyaɗa kai ya ce, “Shi kuma mai gishiri ya rantse da harshen ƙauyensu na Yaman aka yi masa, ya ce mutumin fari ne gajere. Ƙafafun ne kawai ba su canza ba.” Na ce to me ya sa ba ya zuwa wajenku ku 'yan gari? Ya ce, “Wannan tambayar mahaifina ya mutu da ita. Sha gahawarka.”

Washegari ɗan Abu Salim ya ɗauko mu a motarsa zuwa Jidda, an cika mana bayanta da zuma da gero da wata akuya mai ciki da aka ce tawa ce. Ba a yi wata biyu ba mutanen ƙauyen suka haɗa wa Ammu wata motar, ni kuma ɗan Abu Salim ɗin ya bi kafilina har ya amince aka mayar da kafalata hannunsa, ya sabunta min iƙama, ban roƙe shi ba, Ammu ne ya tsegunta masa. Na ƙara shekara tara a Jidda ba wanda ya taɓa tsayar da ni. Kasuwar kuwa tun daga shekarar aka mayar da ita kan tudu.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne maganar da muka yi da Ammu bayan mun dawo, muna zaune a ƙofar gidansa a Madain Fahd da hantsi ina soke nama. Na ce, “Ammu, ni fa har yanzu ina mamakin yadda ka yarda da ni nan take. Ko ka san tsohon ne?” Ya ce, “Ya waladi, wane tsoho? Ni ban ga kowa ba.” Na ajiye tsinken. Ya ce, “Wallahil azim ina zaune ina kallonka kana washe baki kana gaisawa da iska. Na ga ka cika kofi ka miƙa, na ce yau yaron nan ya zautu. Ban san yadda aka yi ba, idona ya ɗauke kamar na ƙifta, sai na ga kofin a hannunka ba ruwa, kuma ba a zubar ba, yashin gabanka a bushe yake. Sai sawu biyu kawai, jiƙaƙƙu, na ƙafar mutum, a gaban tukuba. Ba sawun zuwa, ba na tafiya.”

Na kai maganar wajen wani malami ɗan Sudan da ke limanci a unguwarmu, ya saurare ni har na gama, ya ce rundunonin Allah ba wanda ya san su sai Shi, in daina tono, in yawaita godiya. Shi nake yi har yau. Duk lokacin da na dubi 'ya'yana, har da biyun da aka haifa min bayan wannan rana, sai in ce Alhamdulillahi, don da na bi tsorona na yi shiru da ba a san inda ruwa ya kai gawata ba, balle ta mutanen nan masu kirki.

Shawarata gare ku, musamman 'yan uwana da ke aiki a ƙasar Larabawa, kar ku yarda ku yada zango ko ku ajiye mota a cikin busasshen kwari, komai kyan inuwarsa, komai hasken sama. Kuma in wani ya gaya muku magana da ran mutane a cikinta, ku isar da ita, ko za a yi muku dariya, ko takardunku ba su cika ba.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa Ammu ba, ban gaya wa malamin ba, matata ma sai bara ta ji. Lokacin da mai sayen nan ya taɓa ni na juya, kafin in waiwayo, na ji muryar dattijon dab da kunnena ya ce, “Sai mun sake haɗuwa, saura sau ɗaya.” Yanzu ina gida, na buɗe tawa tukubar a bakin tasha, kuma ba na jin tsoro, don alheri na gani a wajensa. Amma har gobe in wani tsoho ya tsaya a gabana ya yi min sannu da wuta, kafin in amsa sai na fara duban ƙafafunsa.